"Ai Mun Gada" Ba Hujja Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan uwanmu da suka fara ajiye kaji da agwagi a bayan gidajensu a nan Ingila. Da zarar kin ce, "Hajiya, kin yi wa kajin nan rajista kuwa?" ko "Malam, yaran nan suna wanke hannu in sun fito daga akurki?" amsar ɗaya ce: "Haba Anti Nas, ai mun gada. Mu da muka tashi da kaji a tsakar gida, Bature ne zai koya mana kiwo?" Ana faɗin ta da dariya, kowa ya dara, a wuce wurin. Ni ba ta ba ni dariya, don ina ganin maganar nan za ta kwantar da ɗan wani a asibiti, in ma ba ta riga ta kwantar ba.

Kada wani ya ɗauka ina adawa da kiwon ne. Ina da kaji huɗu a bayan gidana, kuma ban ga ranar rabuwa da su ba. Masu yi mana kallon 'yan ƙauye saboda kaza su ma ba su san garin da suke zaune ba. A 2024 ƙungiyar British Hen Welfare Trust, wadda ke karɓo kajin da gidajen gona suka gama da su tana raba wa jama'a, ta kai kaza ta miliyan ɗaya, kuma gidan gonar Sarki Charles da ke Highgrove aka kai ta. Duk wanda yake nan a watan Nuwamban 2022 ya tuna yadda manyan kantuna suka ƙayyade yawan ƙwan da mutum zai saya. Ga kuma kewar gida, wadda ba a sayar da maganinta a kemis. Uwar da take son ɗanta, wanda aka haifa a Manchesta, ya san cewa ƙwai daga jikin kaza yake fitowa, ba ta yi laifi ba. Rigimata da yadda ake kiwon ne, da kuma wannan kalma ta "gado" da ake toshe bakin duk mai ba da shawara da ita.

To mu zauna mu duba abin da muka gada ɗin. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi wata biyu tana yawo da 'yan tsakinta, sannan ta sake. A shekara da ƙyar take wuce ƙwai 40 zuwa 60. Wa yake cin ƙwan? Babu. Barin shi ake yi a ƙyanƙyashe, don kaza asusun mace ce: a sayar a sayi magani, a yanka wa baƙo, a yi wa mai jego farfesu. Ƙwan da muka ci muna yara na zabi ne, da damina, dafaffe tauri, a bare a dangwala yaji. Sai na gidan gona a teburin mai shayi, wanda ake soyawa har gefensa ya yi ja. Wasunmu ma hana mu aka yi, wai yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Ƙwan agwagwa kuwa gidaje da yawa ko taɓa shi ba a yi. Kenan ajiye kazar Turawa mai yin ƙwai kusan 300 a shekara, a riƙa ɗiba kullum ana ba ɗan yaye da mai ciki, sabon abu ne a wurinmu. Kakata ta fi ni sanin halin kaza nesa ba kusa ba, amma wannan aikin ba ta taɓa yin sa ba, balle ta bar mini gadonsa.

Sannan tunanin gida yana da wata ɗabi'a, yakan wanke abu tas kafin ya miƙo maka. Mun tuna carar zakara da asuba, mun manta yadda kaji ke zubewa duk shekara in hunturu ya shigo, wuya ya murɗe, zawo kore, a riƙa rige-rigen yankawa kafin su mutu. Wannan annobar ma sunanta na likitanci na wani birni ne a nan Ingila, Niyukasil, inda aka gano ta a 1926. Masu cewa "mun yi wasa cikin kashin kaji ba mu mutu ba" gaskiya suka faɗa game da kansu. Waɗanda suka mutu ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Har gobe gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya. Ban ce duk laifin kaza ba ne, akwai ruwan sha, akwai rashin masai. Amma jaririn da ke rarrafe inda kaji ke kashi, yana ɗauka yana kai wa baki, ba sai an yi digiri ba kafin a san abin da zai biyo baya.

Kuma a gida muna da mataimaka biyu da ba mu taho da su ba: rana da fili. Tsakar gida mai faɗi, a share ta da sassafe, kafin azahar rana ta ƙone duk wata ƙazanta ta bushe ƙarau, kajin kuma sun fita yawo ba su dawowa sai magariba. A nan fa? Ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma biyar ko shida ba, ruwa na sauka a kai tun daga Oktoba har Maris, ƙasa ba ta bushewa. Kashi ya haɗu da taɓo ya zauna. A wannan ɗan filin ne ake shanya, a nan yara ke buga ƙwallo, a nan ake gashin nama in bazara ta zo, da takalmin da aka shiga akurki kuma ake takowa har kicin. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

Bari in yi magana da bakin aikina. Akwai ƙwayar cuta mai suna salmonela da ke zaune a hanjin kaza da agwagwa, tsuntsuwar kuma lafiyarta lau, tana ci tana sha tana ƙwai. Ba a gane mai ɗauke da ita da ido. Tana fitowa a kashi, ta manne a gashi da ƙafa da ɓawon ƙwai, wani lokaci ma tana shiga cikin ƙwan tun kafin ɓawon ya rufe shi. In ta shiga cikin mutum, bayan 'yan awoyi ko 'yan kwanaki sai zawo da zazzaɓi da murɗar ciki. Babban mutum mai lafiya yakan sha wahala kwana huɗu zuwa bakwai ya miƙe. Jariri kuwa jikinsa ƙarami ne, ruwan da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, ido ya faɗa, ana laluben jijiya ba a samu ba, uwa na tsaye tana salati, ba zai ƙara kiran zawo ƙaramin ciwo ba. A Amurka, a shekarar 2020 da kullen korona ya sa mutane rububin sayen 'yan tsaki, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 1,722 da suka kamu da salmonela daga kajin bayan gida, 333 aka kwantar, ɗaya ya rasu. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ga kuma abin da ya shafe mu fiye da maƙwabcinmu Bature, wanda ban taɓa jin masu "mun gada" sun ambata ba: sikila. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya yana ɗauke da iri, kuma babu taron sunan da za ki je a nan ba ki samu gidan da ke da yaro mai ita ba. Ciwon yana lalata saifa tun yaro yana ƙarami, ita kuwa saifa tana cikin masu tace ƙwayoyin cuta daga jini. A jikin irin wannan yaro salmonela ba ta tsayawa a hanji. Takan tsallaka jini, ta je ta zauna a cikin ƙashi, musamman inda jini ya riga ya toshe ya raunana shi. Duk ɗalibin jinya ya san salmonela na kan gaba wajen kawo ruɓar ƙashi ga masu sikila. Abin takaicin, da farko ciwon yana kama da tashin sikilar da aka saba, sai iyaye su yi ta ba da maganin zafi a gida ana jiran ya lafa. Maganinsa makonni ne na allura ta jijiya, wani lokaci har da tiyata. Don haka in kin ga 'yar maƙwabciyarki tana rungumar kaza tana sumbatar ta ana ɗaukar hoto, kada ki ce ai ga shi su ma suna yi. Jininsu daban, namu daban. Mu ne ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan a unguwa, sai ga shi mu ne masu cika baki.

Sai batun "ƙwan gida ya fi na kanti lafiya". Ya fi daɗi, na yarda. Gwaiduwarsa ta fi ja in kazar na samun ganye, na yarda. Lafiya kuwa sai an bi tarihi. A watan Disamban 1988 ƙaramar ministar lafiya ta lokacin, Edwina Currie, ta faɗa a talabijin cewa yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar nan yana da salmonela. Ciniki ya faɗi warwas, manoma suka yi mata ca, cikin mako biyu ta ajiye aiki. Bayan shekara goma, a 1998, masu gidajen gona suka fito da tsarin tambarin jan zakin nan da kuke gani a jikin ƙwai, wanda sharaɗinsa na farko shi ne a yi wa kajin rigakafin salmonela. Sai a 2017 hukumar kula da ingancin abinci ta ce mai ciki da jariri da tsoho za su iya cin ƙwan da bai dahu sosai ba, in dai yana da wannan tambarin. Ƙwan bayan gidanki ba shi da shi. Ba wanda ya gwada kajinki. Saboda haka wannan ɗabi'a ta fasa ɗanyen ƙwai cikin madara ko lemon malt a ba mai jego ko mai ciki wai ƙarin jini, don Allah a bar ta. Ɗanyen ƙwai ba ya ƙara jinin komai, jiki ma ya fi cin moriyar dafaffe. Mai ƙarancin jini ta je a auna ta a ba ta maganin da ya dace.

Ƙwan agwagwa ya fi buƙatar kula. Ita agwagwa ba ruwanta da ɗan akwatin da kika shimfiɗa wa ciyawa, duk inda ta ga dama take sakin ƙwanta, sau da yawa cikin taɓon da ta kwaɓa da kashinta. A 2010 an yi ɓarkewar salmonela a nan Ingila da Ailan da aka bi sawunta har zuwa ƙwan agwagwa. Shawarar hukuma a kansa ba ta canza ba: a dafa shi har fari da gwaiduwa su yi tauri, kuma tun da ya fi na kaza girma, ya fi shi daɗewa a wuta. Wani kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne jiƙa ƙwai mai datti a ruwan sanyi. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, da wani siririn rufi da tsuntsuwar ke shafa masa. Ruwan sanyi yana wanke rufin, ya kuma ja dattin zuwa ciki. A goge da busasshen tsumma ko takarda, wanda ya fashe ko ya ɓaci da yawa a zubar. In za ki yi kyauta da shi, kyautar ba ta cika ba sai kin ce, "Na gida ne, a dafa sosai."

Yanzu rajista, inda aka fi yi mini gardama. Daga 1 ga Oktoban 2024, duk mai ajiye kaza ko agwagwa a Ingila da Wels, ko da guda ɗaya ce, dole ya yi rajista da hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, APHA. Da can sai mai 50 zuwa sama. Kyauta ne, ta intanet, bai kai lokacin dafa shinkafa ba. Amma sai ki ji ana cewa, "Ni ba zan kai kaina ba, salon su sa mini ido," wani ya ce dabarar haraji ce, wata ta ce za a haɗa da takardunta na zama. Jama'a, hukumar da ta san adireshinku, ta san albashinku, ta san makarantar 'ya'yanku, kaji uku ne za su tona muku asiri? Amfanin rajistar shi ne in murar tsuntsaye ta ɓulla kusa da ku a turo muku saƙo. Akan zana da'ira ta kilomita 3, wani lokaci da ta kilomita 10, a kewayen inda cutar ta fito, a hana fitar da tsuntsaye. Akan kuma ba da umarnin kulle kaji a rufaffen wuri, kamar yadda aka yi a duk faɗin Ingila daga 7 ga Nuwamban 2022 zuwa 18 ga Afrilun 2023. Wanda ya ɓoye kajinsa ba zai ji ba, nasa na waje suna shan ruwa ɗaya da tsuntsayen daji masu ƙaura, waɗanda su ne ke yawo da cutar.

Kuma cutar nan ba baƙuwarmu ba ce. Karon farko da aka tabbatar da nau'in H5N1 a kajin Afirka, a wata gona ce a Jaji ta jihar Kaduna, a watan Fabrairun 2006, kuma a farkon 2007 ta kashe wata budurwa a Legas. A nan Birtaniya mutum na farko da aka samu da ita, a Janairun 2022, wani dattijo ne mai shekara 79 a yankin Debon, wanda ke zaune da agwagi, wasu har cikin ɗakinsa. Irin agwaginmu ne na gida masu jan fuska. Shi Allah ya kiyaye shi, amma an kashe agwagin sama da ɗari. A Amurka wanda ta fara kashewa, a Janairun 2025 a jihar Luwiziyana, daga kajin bayan gida da tsuntsayen daji ya ɗauka. Gaskiya ne har yanzu ba kasafai take kama mutum ba, kuma ba ta saba tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Abin da masana ke tsoro shi ne a yi ta ba ta dama har ta koyi hakan. Agwagwa kan ɗauki cutar ba ta nuna alama sosai ba, kaza kuwa kwana ɗaya biyu ta faɗi, shi ya sa ake cewa a raba musu wurin kwana da wurin shan ruwa. Masu zuba su akurki ɗaya "kamar a gida" su ji wannan.

In kuma kika wayi gari kaji biyu uku sun mutu lokaci guda, doka ta ce ki sanar, kada ki ƙulle su a leda ki jefa a bola cikin dare, kada kuma a yi saurin yanka ragowar a sa a firji. Mutuwar tsuntsu saƙo ce. A Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400, mutanen ƙauyukan sun shaida wa masu bincike cewa agwagi ne suka fara ɓacewa watanni kafin yara su fara suma. Ba wanda ya karanta saƙon a lokacin.

Akwai dokar da na san tana ba mutanenmu haushi: haramun ne a ƙasar nan a ba kaza ragowar abincin da ya fito daga kicin, ko na gida ne, sai fa gidan da ba a shigar da nama ko madara ko ƙwai sam. Wato ɗumamen tuwo da ƙanzon shinkafa da muka saba watsa musu, doka ta hana. Asalinta annobar baki da kofato ce ta 2001, wadda aka bi sawunta zuwa wata gonar aladu a arewacin Ingila da ake ciyarwa da ragowar abincin da ba a dafa ba. Dabbobi sama da miliyan shida aka kashe kafin a shawo kanta. Mutum zai iya cewa loma ɗaya ta tuwo ba za ta jawo wannan ba, kuma ban ce dokar ba ta da tsauri ba. Amma mutanen da suka ga hayaƙin ƙona shanunsu ya rufe sama ba za su saurari wannan hujjar ba, kuma ƙasarsu ce. Ko ba doka ma, kazar da ke ƙwai kusan kullum ba za ta rayu a kan ƙanzo ba. Tana buƙatar abincin da aka haɗa don masu ƙwai, mai isasshen sinadarin gina jiki da na ƙarfin ɓawo. In babu, sai ƙwai ya riƙa fitowa da laushi, kazar ta rame, don daga ƙashinta take cirowa. Ragowar da ta kwana a ƙasa kuma gayyatar ɓeraye ce, su kuwa ba su san katangar da ta raba gidanki da na maƙwabci ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai a matsayina na nas shi ne kafso. Kaza ta yi sanyi, sai a buɗe jakar da aka taho da ita daga gida, a fasa ja da rawayan nan a ruwan shanta, gobe a ɗebi ƙwan a soya wa yara. Maganin yana fita a cikin ƙwan. Sannan ɗan abin da aka barbaɗa bai isa ya kashe ƙwayoyin cutar ba, horar da su kawai yake yi su saba da shi. Mu da ke ɗakunan jinya muna ganin ƙarshen wannan hanyar: majiyyaci a kwance, an gwada magani na farko bai ji ba, na biyu bai ji ba, ana jiran sakamakon ɗakin gwaji ana addu'a. A nan likitan dabbobi ne kaɗai ke da ikon rubuta wa kaza irin wannan magani, shi zai gaya miki kwanakin da za ki zubar da ƙwan kafin a koma ci. Wanda ba zai iya biyan kuɗin ganin likitan dabbobi ba, bai shirya kiwo a ƙasar nan ba tukuna.

Zakara kuma fa? Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in ƙyanƙyasa ake so. Amma sai mutum ya ajiye shi a jerin gidajen da bango ɗaya ya raba, wai yana tuna masa gida. Da bazara a nan gari na wayewa tun ƙarfe huɗu. Maƙwabcinka da ya dawo daga aikin dare, kamar yadda ni ma nake dawowa, me ya yi maka? Dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon aiko maka da takardar gargaɗi a kan hayaniya, in ka ƙi a kai ka kotu. Kafin nan ma, yawancinmu haya muke yi, kuma takardun haya da yawa sun hana ajiye kaji. A karanta, a tambayi mai gida. In rigima ta tashi ba za a ce Malam wane ba ne, cewa za a yi "mutanen nan", sai 'yar uwar da za ta zo neman haya a layin gobe ta biya bashin da ba ta ci ba.

Daga ƙarshe akwai tambayar da ba a yi ranar sayen kaza: ina za a kai ta in ta daina ƙwai? Kaza tana son hasken awa 14 a yini kafin ta yi ƙwai sosai, a Disamba kuwa ranar nan ba ta cika awa 8. Ƙwai zai ja baya, ci ba zai ja ba. Kaza ɗaya na cin kusan giram 120 a yini, kenan buhu mai kilo 20 mako shida zai yi wa kaji huɗu. Ƙara kuɗin akurkin da dila ba zai fasa ba, da maganin jajayen ƙwarin nan masu shan jininsu da dare. Duk wanda ya ce miki kiwon kaji huɗu zai rage miki kuɗin cefane, bai yi lissafi ba. Bayan shekara biyu ko uku ƙwan zai ragu sosai, ita kuwa za ta iya kai shekara shida ko fiye. A gida amsar a bayyane take, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A nan kuwa yankan addini ba tare da an sumar da dabba ba, doka ta keɓe shi ga mayankar da hukuma ta amince da ita, ba a yin sa a bayan gida. Sai mutum ya san wannan tun kafin ya saya, ya yanke shawara: ko ya nemi halastacciyar hanya, ko ya ci gaba da ciyar da ita har ta mutu. Sakin ta a dajin shaƙatawa dila ya cinye zalunci ne, kuma laifi ne a dokar jin daɗin dabbobi ta 2006.

Na san abin da za a ce: ƙasar nan komai doka, ɗan abin da mutum zai yi ya ji kamar yana gida ma sai an sa masa sharaɗi, ga manyan gidajen gona masu tara kaji dubbai a rumfa ɗaya, su ne matattarar cuta. Akwai gaskiya a ciki, kuma ni ma ina da abin faɗa a kan manyan gonakin. Amma salmonelar da ke hannun ɗanki ba daga gonarsu ta zo ba, kuma laifinsu ba ya wanke namu. Abin da ake nema a wurinmu bai fi ƙarfinmu ba: rajista, takalmi na musamman da ba ya shiga ɗaki, sabulu da ruwa bayan an taɓa kaza ko ƙwai, agwagi a wurinsu daban, abinci a rufaffen mazubi, ƙwai a dafa shi ya dahu. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya kalla daga nesa. Gidan da ke da mai sikila, ko mai shan maganin daji, ko tsoho mai rauni, a yi shawara da likitansu kafin a kawo ko kaza ɗaya.

Iyayenmu mata da muke fakewa da sunansu ba su taɓa raina ilimin kiwo ba. In annoba ta shigo unguwa tambaya suke yi, wace ce kajinta suka tsira, me ta yi musu, su je har gida su koya. Ranar da malamin dabbobi ya zo da rigakafi, su ne a gaban layi da kajinsu a kwando. Wanda ya ce ya gaje su, to ya yi abin da za su yi in su ne aka kawo ƙasar nan: ya tambayi yadda ake yi, ya cike takardar, ya sayi sabulu ya ajiye a bakin ƙofar baya.